Ƙahon da Na Kafa wa Altine

Shekara tara ke nan da muka kai Altine baduku makwancinsa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Kada mai karatu ya ɗauka rashin iyawa ne. Na yi aji huɗu a firamare kafin mahaifina ya zo ya janye ni da hannunsa, yana cewa biro ba ya aske kai, kuma aji huɗun na wancan zamani ne, wanda in aka zuba shi a mudun yanzu zai cika ya bar saura. Abin da ya hana ni shi ne ban san ta inda zan kamo maganar ba. Bana sai ita ta kamo ni, kuma a daidai inda ya kamata, wato a ƙirji. Tun daga nan zama ya gagare ni. Wannan takarda ma da kuke karantawa, sau bakwai ina tashi daga kanta in je in wasa askar da na riga na wasa.

Sunana Mamman, wanzami ɗan wanzami, a Ƙofar Atiku cikin birnin Sakkwato. Altine kuwa mutumin Ƙofar Taramniya ne, ɗinkin fata ya gada, kuma taubashina ne, don mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a al'ada bawana ne, ko da yake har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa amsa wannan muƙami ba. Wanda bai tashi da taubashi ba, ba zai gane irin zaman da muka yi ba. Shekara sittin da ɗoriya ban ji kalmar kirki daga bakinsa ba, shi ma bai ji daga nawa ba. Ranar aurena ya je ya shawarci dangin amarya su kai ta a duba mata idanu. Ranar da ya dawo daga Makka ni kuma na roƙi masu tarbarsa su buɗe akwatinsa, don ina da labarin fatun ragunan alhazai ya bi ya kwaso. Haka muke. In wata rana ya gaishe ni da ladabi, da na san ba shi da lafiya.

Amma sana'arsa ba ta da wasa. Na sha zama a rumfarsa in ga ya gama jaka tsaf, mai ita yana tsaye yana jira, sai ya juya cikinta ya ga wani ɗinki ya karkace a inda ido ba zai taɓa kaiwa ba. Sai ya sa wuƙa ya farke ta duka. Mai jaka ya yi ta roƙo, shi kuwa ya ce, "Kai ba ka gani, ni na gani." Zabirar da nake zuba kayan aikina a ciki shi ya ɗinka ta, da jar fatar akuya, fiye da shekara talatin da suka wuce. Da ya miƙo mini ita cewa ya yi ta fi ƙarfin askina.

Sau ɗaya tak ya yabe ni a duniya, kuma wannan yabo shi ne abin da ya zaunar da ni rubutu yau.

Shekara goma sha biyu kafin rasuwarsa, a farkon damina, lokacin da ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, gari ya koma kamar tukunyar da aka rufe, wani ciwo ya shigo unguwanninmu. Altine na cikin waɗanda ya fara kamawa. Yana zaune da hantsi yana ɗinki, lafiyarsa ƙalau, sai ya saki ƙara ya dafe haƙarƙarinsa na dama. In ya ja numfashi sai abin ya soke shi, in ya yi tari sai ya ga taurari da rana tsaka. Ya lafa na ɗan lokaci har ya ce ya wuce, sai ya dawo masa sabo. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe shi, kai yana sara. Da na isa gidan na tarar har ya aika a kira dangi a yi yafiya.

"Mi yas same ka, bawana?" na ce.

"Wanzam, bar wasa. Wani abu na, awa an kafa min basilla tsakanin haƙarƙari ana murzawa. Ka yahe ni."

"Sai na yi shawara," na ce, na buɗe zabira.

Basilla ita ce babbar allurar da dukawa ke huda fata da ita, kuma daga bakin Altine unguwa ta ɗauki sunan: ciwon basilla. Na jera masa ƙaho huɗu a gefen da ke ciwo, na tsotse iska suka kama, na cire na yi tsaga, na mayar. Jini ya taru baƙi, na juye a kasko na nuna masa, na ce ga mugun abin nan ya fito. A kwana na shida ya tashi ya ci tuwo malmala biyu. A kwana na bakwai ya sa riga ya shiga kasuwa, ya bi rumfa rumfa, daga layin dukawa har zuwa masu hatsi, yana shela ba wanda ya aike shi.

"Jama'a, kun san wanzamin ga ba shi da hankali, ba shi da kunya. Aski nai kuwa awa akuya ta yi kiwo bisa kan mutum. Amma ƙaho nai gaskiya na. Shi yat tashe ni."

In taubashinka ya yabe ka, to ko alƙali ba ya neman wata shaida. A wannan damina duk wanda basilla ta soka gidana ya nufo. Na kafa wa magidanta, na kafa wa samari, manoman gero da shinkafa suka riƙa zuwa daga ƙauye ranar kasuwa suna tambayar gidan Mamman mai maganin basilla. Kuma kowa ya warke, wani a kwana biyar, wani a bakwai, wani ya koma masa bayan mako ya sake zuwa na sake kafawa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: ban cuci kowa da sani ba. Ni kaina na fi kowa yarda. Har tafiyata ta canja, na fara ɗaura rawani ranar da ba Juma'a ba.

Wani lokaci nakan tsaya a bakin titi in tambayi kaina, da Altine zai leƙo yau, me zai ce? Rumfarsa tana nan, amma rigunan waya na roba ake sayarwa a cikinta, masu kyalli kamar alewa. Takalmin da ya kan ɗauki kwana uku yana ɗinkawa, yanzu ana zubo irinsa a buhu, a sa shi Sallah ƙarama ya tsinke kafin babba. Zai ce duniya ta koma ɗinkin gam. Mu ma wanzamai ba mu tsira ba. Yara sun koma shagon aski mai inji da madubi bango guda, a fito da kai kamar an fara shara an gaji. Ƙaho ma an yi masa na roba mai famfo, ana yinsa a ɗaki mai fanka, mai yin yana sanye da farar riga. Na tabbata Altine zai leƙa ya ce, to madalla, aƙalla an huta da warin bakin Mamman.

Abin da zai fi ba shi mamaki kuwa shi ne wayar hannu. A zamaninsa, in kana son suna ya zagaya sai ka bi kasuwa da ƙafarka, kamar yadda ya yi mini. Yanzu mutum na kwance a ɗakinsa zai ɗaga kwalba a gaban waya ya ce tana maganin ciwo arba'in, kafin la'asar an ji shi har Agadas. 'Yata Dije takan nuna mini irinsu tana dariya. Ni ba na iya dariyar. Nakan dubi mai kwalbar in ga rawanina a kansa.

Ranar da Altine ya rasu Talata ce. Da hantsi ina zaure ina wa wani dattijo gyaran fuska, sai ga shi ya shigo, ya tako da ƙafa tun daga Ƙofar Taramniya. Ya zauna a dakali bai zage ni ba. Wannan kaɗai ya isa ya tashe ni tsaye. Zufa ta jiƙe masa riga, na taɓa goshinsa na ji sanyi, babu zazzaɓi ko kaɗan.

"Basillarka ce ta dawo?" na ce.

"Wanga karon ba basilla ba ta. Awa an ɗora min dutsen niƙa nan tsakiya. Har hannun ga na hagu ya yi nauyi."

Kun ji abin da ya ce. Ni ma na ji. Mutumin da ya shekara hamsin yana riƙe basilla ya gaya mini da bakinsa cewa wannan ba ita ba ce. Ni kuwa sai na dubi dattijon da nake wa aski na ce, "Ka ga tsufa? Baduku ya mance sunan kayan aikinsa." Dattijo ya yi dariya, Altine ma ya yi murmushi. Na kwantar da shi a tabarma na jera masa ƙaho huɗu. Jini ya fito baƙi kamar kullum, na nuna masa kamar kullum. Na ce ya huta a nan zaure, in rana ta yi sanyi in raka shi gida. Na tafi masallaci sallar azahar, shi ya ce zai yi tasa a zaune. Da na dawo na tarar ya jingina da bango, carbi a hannu, ya riga ya tafi.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, wanda bai yarda da ajali ba ai ya bar hanya. Har aka riƙa yi mini ta'aziyya ta musamman, ana cewa Allah Ya yi zai cika a hannun wanda ya fi yarda da shi. Babu wanda ya tuhume ni, kuma wannan ya fi mini zafi a kan a tuhume ni. Malaman da suka ce ajali ba ya jinkiri, su ne dai suka ce a nemi magani a inda yake. Tun daga ranar na daina bi ta Ƙofar Taramniya. In zan je wajen, sai in zagaya ta hanya mai nisa, in ce wa kaina motsa jiki nake. Matarsa Kulu kuwa, bayan sadakar arba'in ban sake haɗa ido da ita ba, sai dai in aika Dije da gaisuwa. Amma ƙaho ban daina kafawa ba. Duk wanda ya zo dafe da ƙirji na kafa masa, domin in na daina, na amsa ke nan, ni kuwa ban shirya amsawa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ya kan iya shekara tara yana matsar da tabarma maimakon ya hau rufi.

Bana, da damina ta fara irin wancan farawa, basilla ta dawo unguwa, kuma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Ina durƙushe ina alwalar la'asar sai na ji an soke ni ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Buta ta faɗi. Na ja numfashi na ji kamar an murza. Ashe Altine bai yi ƙari ba ko kaɗan, ni ne ma na raina abin shekara ashirin ina kallonsa a jikin wasu. Kafin magariba zazzaɓi ya sauko.

Maƙwabta suka taru suna cewa, ai gida ya zo, ga maganin nan a zabira. To, bakina dai ba ya kai wa haƙarƙarina. Aka ce a kira wani wanzami, na ce yaran yanzu ba su iya ba. Aka yi dariya, aka ce dama wanzami ba ya son jarfa. Na bar su a haka, don ya fi sauƙi a ce mini matsoracin aska da in faɗi abin da nake tsoro. Ina ganin ƙahonnin nan huɗu sai in ga bangon zaure da carbi.

Washegari da safe Dije ta sa ni a keke ta kai ni unguwar Minanata wurin Sista Rifkatu. Ita ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista, ta fi shekara talatin a Sakkwato. Marigayi mijinta malamin makaranta ne, kuma ni nake masa aski har ya bar duniya, saboda haka akwai sanayya. Ta saurari ƙirjina, ta tambaye ni inda yake sukan da yadda yake zuwa yana tafiya, ta ce tana zaton ta san ko mene ne, amma ba za ta faɗa ba sai an duba zuciyata da huhuna a asibiti, don mai shekaruna ba a yi masa zato. Na ce ni ma likita ne. Ta ce ta sani, shi ya sa za ta raka ni da kanta kada in gudu.

A asibiti aka manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta zano takarda mai tudu da kwari kamar gonar da aka yi wa huɗa. Likita ya duba ya ce zuciya lafiya, huhu lafiya. Sannan Sista ta yi mini bayani. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, amma haƙoran da suka rage mini ba za su iya tauna shi ba. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, irin wadda kafso ba ya taɓa ta. Ta baki take shiga, daga hannun da ba a wanke da sabulu ba bayan an zaga, ko abinci da ruwan da irin wannan hannu ya taɓa, shi ya sa take bin gida gida lokacin zafi. Sai ta je ta kama naman da ke tsakanin haƙarƙari. Tana da azaba, amma ba ta cika yin kisa ba. Aka ba ni maganin rage zafi da zazzaɓi, aka ce in kwanta, in sha ruwa, in riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a wurin, in wani abu ya canja in dawo da sauri.

A kwana na shida na tashi na ci tuwo. Malmala biyu. Ina suɗe hannu sai na tsaya da yatsa a baki, domin lissafin ya zo mini da kansa ba tare da na neme shi ba. Washegari na koma Minanata, wai godiya na je yi.

"Sista, ƙaho fa? Ba ya rage kwanakin?"

"Baba Wanzam, waɗanda ka yi wa, kwana nawa suke yi?"

"Shida. Wani bakwai."

"Kai da ba a yi maka ba fa?"

Na dubi takalmina. Ashe shekara ashirin faɗuwa ce take zuwa daidai da zama. Baƙo ne mai kwana shida, ya gama kwanakinsa ya ɗauki jakarsa, ni kuma in tsaya a ƙofa ina karɓar godiya wai ni na kore shi. Da na ga an riga an tsaga, sai na ce bari jinin ya fito duka. Na ba ta labarin wata Talata, ban faɗi suna ba: zufa mai sanyi, babu zazzaɓi, nauyi a tsakiyar ƙirji, hannun hagu. Sannan ta ce wannan ya fi kama da ciwon zuciya, kuma a irinsa kowane minti yana da daraja. Na ce, da an kai shi asibiti da hantsin nan, da ya tashi? Ta ce, "Wannan Allah kaɗai Ya sani, Baba. Wasu suna tashi, wasu ba sa tashi. Amma da an ba shi dama." Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Kama da wane ba ta wane, kuma ni da na fi kowa ganin ƙirjin mutane ban san haka ba, ko kuwa na sani na ƙi.

Kwana uku ina kai da kawo tsakanin zaure da ƙofar gida, har Dije ta ce ko ciwon ya taɓa kai ne. A na huɗu, bayan la'asar, na bi ta Ƙofar Taramniya, hanyar da na ƙaurace wa shekara tara. Na tarar da Kulu a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Ta tsufa, ni ma ta ga na tsufa.

"Wanzam! Yau wace iska ta kwaso ka? Shekara tara kana zagaye gidan ga awa an ce maka da kura ciki."

Na zauna a ƙasa, ban jira tabarma ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata duka: abin da ya ce, abin da na ce, dariyar da na sa aka yi masa, da abin da Sista ta gaya mini. Hannunta bai tsaya da tsintar ba har na kai aya.

"Ka gama?" ta ce. "To ni ma ga nawa. Da safen nan sai da nac ce ma Malam mu tahi asibiti. Na ga zufar, na ga fuska tai. Har na ɗauko mayafi. Yac ce, Kulu, ni nab bi kasuwa ina faɗin ƙahon Mamman gaskiya na. In anka gan ni asibiti da ciwon ƙirji, mi za a ce ma wanzamin ga? Abu guda gare shi duniya, shi za ni karɓe mai?"

Na zo in sauke kaya, sai aka ɗora mini wanda ya fi shi. Shekara tara ina zaton yarda da ƙahona ce ta kawo shi zaurena. Wataƙila da ita, ban sani ba, ba kuma zan sani ba. Amma mutumin da bai taɓa barin in gama magana ba tare da ya kunyata ni ba, ya tako da dutsen niƙa a ƙirji tun daga unguwarsu don kada a kunyata ni.

"Ni na yahe maka tun ranar," in ji Kulu. "Shi ma na yahe mai taurin kai nai. Amma ka jiya, Wanzam: in nij ji ka ƙara kafa ma wani ƙaho ga ƙirji, na janye yahiyar tawa. Kuma ni za ni bin kasuwar da kaina."

A hanyar komawa gida tambaya ɗaya ta riƙa bina. Wannan suna Altine ne ya ɗinka mini shi, kuma a kan tsaronsa ya mutu. Ina da ikon in farke abin da ya ba da ransa a kai? In na fito na ce ƙarya ne, ban mayar da tafiyarsa ta ƙarshe ta banza ba? Na kwana biyu ina juya wannan, ina buɗe zabira ina rufewa. A buɗewar ce na juya cikinta, abin da ban taɓa yi ba, na bi ɗinkin da yatsa daga baki har gindi, a inda ido ba ya kaiwa. Babu ɗaya da ya karkace. Sai na tuna masu jaka suna roƙo, shi yana farkewa. Altine bai taɓa jin tausayin ɗinki don shi ya yi shi ba. Yabon da ya yi mini shi ne karkataccen ɗinki guda da ya bari a duniya, kuma bai bar shi don ya so ba, bai samu ya juya cikinsa ba ne. Ni na juya, na gani.

Saboda haka ga shelata, kuma na riga na yi ta da ƙafa ranar kasuwar da ta wuce, daga layin dukawa har zuwa masu hatsi, wasu na dariya suna zaton wasa ne. Ni Mamman wanzami na Ƙofar Atiku ba ni da maganin basilla, ban taɓa samunsa ba. Waɗanda suka warke a hannuna, kwanakin ciwon ne suka cika. Duk wanda ƙirjinsa ya soke shi ko ya danne shi, da zazzaɓi ko babu, kada ya tsaya yana wa kansa fassara, kada ya tambayi gidana, kada ya tambayi mai kwalba a waya. Ya nufi asibiti a duba. In basilla ce, ya yi asarar kuɗin keke ya dawo ya kwanta kwana shida, ya kuma koya wa gidansa wanke hannu. In dutsen niƙa ne, ya samu damar da ban ba taubashina ba. Shekaranjiya wani manomi ya kawo ƙanensa daga ƙauye dafe da ƙirji, suna ta yi mini kirari tun daga ƙofa. Ban buɗe zabira ba. Na tare keke na shiga gaba. Har muka isa wan yana ƙunƙuni wai sun yi tafiyar banza, an ce musu gwani ne ashe ɗan rakiya ne. Aski da gyaran fuska kuwa ina nan ina yi, ga mai son akuya ta yi masa kiwo.

To, me ya rage na Altine bayan shekara tara? Rumfarsa ta zama ta roba. Takalman da ya ɗinka sun bi masu su. Yabon nan guda da na yi shekara ashirin ina ɗaura rawani a kansa, na mayar masa da abinsa a gaban jama'a. Abin da ya rage a hannuna zagin shekara sittin ne, da zabira ta jar fata, da labarin da Kulu ta ba ni, kuma duk cikinsu babu wanda ɗinkinsa ya saki. Zaman dai bai dawo mini ba tukuna, ban kuma san ko zai dawo ba. Amma yanzu in na tashi, ta Ƙofar Taramniya nake bi.

Allah Ya jiƙan Altine, Ya yalwata masa makwanci, Ya yafe masa taurin kai, ni kuma Ya yafe mini dariyar ranar Talata. A al'ada bawana ne. Ku shaida, masu karatu, yau na 'yanta shi, ko da yake na san abin da zai ce: wanzamin ga, sai da ya ga babu sauran aikin da za a yi masa.